Ƙaton da ke amai kafin a busa usur

Sama da shekara 10 ke nan ina cikin harkar ƙwallon Amurka a ƙasar Jamus, kaka uku ina bugawa, sauran shekarun ina horar da yara, kuma har yau babu ranar wasan da za ta zo ban shiga bayi sau uku ba kafin a busa usur. Biyun farko ciki ne ke murɗawa. Na ukun amai ne. Tsayina santimita 193, nauyina lokacin da nake bugawa kilo 124. Duk wanda ya gan ni na fito daga ɗakin canza kaya da hular kwano a hannu zai rantse ban san abin da ake kira tsoro ba. Na daɗe ina ɓoye wannan abu, matata ma sai da muka shekara biyu da aure ta sani. Aman kansa bai taɓa damuna sosai ba. Abin da ya ci min rai shi ne fassarar da na yi masa game da imanina.

An haife ni a Zariya a 1989. Tun ina ƙarami jikina ya girmi shekaruna, ina aji uku na firamare baƙi na tambaya ko na shiga sakandare. Mutanenmu kuwa da sun ga yaro da jiki sai su ɗauka zuciyar ma haka take. Ni ko kaza aka miƙo min in riƙe a yanka, hannuna rawa yake kamawa. Ina da shekara 14 aka kai ni hutu ƙauyen su mahaifiyata bayan girbi, lokacin da samari ke kokawa a dandali da daddare. Kawuna ya kwana uku yana cika baki a majalisa cewa ɗan yayarsa na birni zai kayar da duk wanda aka fito da shi. Bai ko tambaye ni ba. Daren da abin ya zo, farin wata tar, makaɗa sun ɗauki kiɗa, 'yan mata sun jeru a gefe guda, sai kawai na ji hannunsa a bayana ya ingiza ni tsakiya. Wanda aka fito min da shi bai kai kafaɗata ba, amma jikinsa duk jijiya ne irin na wanda ya tashi da fartanya, ga laya ɗaure a damtsensa. Ya sunkuya ya shafi ƙasa, ya ɗago ya kalle ni yana murmushi. Ban san lokacin da na keta taron na yi bayan rumbu ba. A can na amayar da tuwon dare kaf, ina jiyo dariyar mutane ta danne kiɗan.

Kawu ya same ni a wurin. Bai doke ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Faɗuwar gaba asarar namiji. Kai ne aka ce kana da izu 20 a ka? To bari ka ji, mai imani ba ya tsoron kowa sai Allah." Ya juya ya yi tafiyarsa. Karin maganar ba ta dame ni ba, kowa na faɗinta. Maganar ƙarshen ce ta shige ni ta samu wurin zama. Daga ranar na ɗaure abu biyu da igiya ɗaya: muddin gabana ya faɗi, to imanina ne ya yi rauni.

A watan Oktoban 2013 na sauka a Jamus don digiri na biyu a fannin injiniya, a ɗaya daga cikin garuruwan yankin Ruhr, inda da can ake haƙar kwal da narka ƙarfe. Sanyin farko ya kusa zautar da ni. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya riga ya yi duhu, maƙwabci ba ya gaida maƙwabci, sai ka kwana biyu ba ka buɗe baki ka yi magana da ɗan'adam ba. Dokar ɗalibai baƙi a lokacin ta ba mu damar aikin kwana 120 a shekara, sai na samu aikin lodin kwalaye a wani sito. A nan wani Bajamushe abokin aiki ya ga yadda nake ɗaga kaya, ya yi ta bina wata da watanni in zo in ga wasansu. Na zaci ƙwallon ƙafa yake nufi, na ce masa ni a unguwa gola ake sa ni, don na cika raga. Ya ce a'a, wannan wasan don irina aka yi shi. Kaɗaici ne ya kai ni daga ƙarshe, ba sha'awa ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, Jamusawa ma ƙwai suke ce mata. Kowane ɓangare mutum 11. Masu kai hari na da dama huɗu su matsa da ita yadi 10, in sun yi a ƙara musu huɗu, in sun kasa ta koma hannun abokan karawa, wanda kuma ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6. Ni a layin gaba na masu tsaro aka sa ni, aikina in ture ƙaton da ke gabana in cafke mai jefa ƙwallon ko mai gudu da ita. Abin da mai kallo ba ya lura da shi shi ne yawan tsayawa. Karo ɗaya bai wuce daƙiƙa biyar ko shida ba, sai a tsaya, a sake jeruwa, ka dafa hannu a ƙasa, hularka ta kusa taɓa ta mutumin da ke gabanka har kana jin hucin numfashinsa. A ƙwallon ƙafa gudu ba ya barinka ka yi tunani. A nan kuwa sau hamsin ko sittin a wasa guda ake ba zuciya sarari ta tambaye ka me ya kawo ka.

Sojojin Amurka da suka zauna a Jamus bayan yaƙin duniya na biyu ne suka shigo da wasan. Ƙungiyar farko a Frankfurt aka kafa ta a 1977, gasar ƙasa ta fara a 1979. Mu dai muna can ƙasa, rukuni na huɗu, inda ba a biyan kowa ko sisi, kai ne ma za ka biya kuɗin ƙungiya ka sayi hularka. A cikinmu akwai mai gyaran famfo, akwai direban bas, akwai ɗan sanda, ga ɗalibai irina. Mutum ɗaya kaɗai ake ba ɗaki da ɗan kuɗin cefane, wani Ba'amurke baƙar fata daga kudancin ƙasarsu, wanda aka ɗauko ya buga ya kuma koya mana. An liƙa masa harafin A a hula, saboda doka ta ƙayyade yawan Amurkawan da za su kasance a fili lokaci guda.

Makon da na fara zuwa atisaye, ƙarshen Satumban 2014, wani bidiyo ya yi ta yawo a waya. Husain Abdullah, wani Musulmi da ke buga wa ƙungiyar Kansas City Chiefs ta Amurka, ya cafe ƙwallon da Tom Brady na abokan karawarsu ya jefa, ya ruga da ita ya ci maki, ya zame a kan gwiwa ya yi sujjada a gaban duniya. Alƙalin wasa ya jefa masa ƙyallen laifi, washegari hukumar NFL, babbar gasar wasan a Amurka, ta fito ta ce bai kamata a hukunta shi ba. Da na bincika sai na ga shi ne wanda ya ajiye kakar 2012 gaba ɗaya, shi da ɗan'uwansa, suka tafi aikin Hajji. Na kalli bidiyon nan sau ba adadi, ina cewa a raina ga mai imanin da Kawu yake nufi. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina yadda cikinsa ya kwana a daren ba. Sujjadar kawai na gani.

Wasana na farko a watan Mayun 2015 ne. Daren ban runtsa ba. A ɗakin canza kaya an ƙure kiɗa, wasu na buga wa juna hula, wasu na ihu, ni kuwa ina bayi na rufe ƙofa, gumi na keto min, bakina ɗaci kamar na tauna maɗaci. Shekara 12 tsakani, nahiya daban, amma bayan rumbun nan na koma. Na kurkure baki na fito kamar ba abin da ya faru.

Kafin a fita fili Ba'amurken nan kan tara kowa, a durƙusa a riƙe hannu, ya ja addu'ar da Kiristoci ke yi. Yawancin Jamusawan ko hanyar coci ba su sani ba, amma su ma durƙusawa suke. Tun farko na ja shi gefe na ce ni zan tsaya daga baya in yi tawa. Bai ɓata rai ba ko kaɗan, ya ce in yi, kuma in sa shi a ciki. Sai in karanta Ayatul Kursiyyu, in yi ta maimaita "Hasbunallahu wa ni'imal wakil". In na gama in duba hannuna, in ga har yanzu yana rawa, sai in yanke wa kaina hukunci cewa ba a karɓa ba.

Don haka na fara ƙari. Nafila raka'a biyu ta koma huɗu, ta koma takwas. Na ƙara Yasin da asubar ranar wasa, na ƙara sadaka. In muka yi nasara kuma na taka rawa, mako na gaba sai in maimaita komai daidai yadda na yi, har adadin tasbihin, kar in kuskure ko ɗaya. In aman ya zo da ƙarfi sai in shiga binciken zunubina na makon: ko don na makara sallar asuba ranar Laraba ne, ko don abin da idona ya kalla a jirgin ƙasa. Yanzu da nake waiwaye, na gane addu'ata ta koma layar da ke damtsen yaron nan na ƙauye, bambancin kawai tawa a baki take. Ciniki nake da Ubangijina: ga wannan, cire min wancan.

Abin mamaki, wasan ya karɓe ni. Da zarar an yi karon farko, kafaɗata ta haɗu da ta wani, tsoron sai ya bi iska kamar ba a yi shi ba. Abokan wasa suka sa min wani suna nasu mai nufin katanga. Mahaifiyata kuwa "ƙwallo" kawai na ce mata nake yi. Takan ce, "Allah ya tsare, amma ban da faɗa da 'ya'yan mutane." In ce to, Inna.

Azumin 2016 ya fara ne ranar 6 ga Yuni, tsakiyar kakar wasa. A Jamus a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura kwata na dare, azumin ya haura awa 18. Muna da wasa a wani gari mai nisan sama da kilomita 200, za a fara ƙarfe uku na rana, kuma ranar an yi zafi. Wani Baturke da muke wasa tare ya ce shi zai ajiye a matsayin matafiyi ya rama daga baya, kamar yadda limamin masallacinmu ya yi bayani. Koci ya kira ni ya tambaye ni har sau biyu. Na ce masa na saba, a ƙasarmu da azumi ake noma. Gaskiyar da ban faɗa masa ba, kuma wadda na ɗauki shekaru kafin in faɗa wa kaina, ita ce ba don Allah na ƙi karɓar sauƙin ba. Gwaji nake. Na ce in har na shiga fili da azumi a baki, ai dole tsoron nan ya ji kunya ya tafi, in kuma bai tafi ba to shi ke nan, ni munafuki ne.

Bai tafi ba. Na shiga bayi na yi ta kakari, ba abin da ya fito don ba komai a cikin.

Bayan hutun rabin lokaci harshena ya zama kamar busasshiyar fata, gefen idanuna ya fara duhu, ƙafafuna ba sa jin maganata. Sai ga mai gudu da ƙwallo ya ɓullo ta gefena, wani siririn yaro. Darasin farko da ake koya wa kowa a wannan wasa shi ne kar ka sunkuyar da kai in za ka kara da mutum, idonka ya kasance a kan abin da za ka buga. Na sani sarai. Amma gajiya ta sa na makara taku guda, don in cike giɓin sai na sunkuya na faɗa masa da tsakiyar hulata, da dukan kilo 124 ɗina. Har yau ina jin ƙarar, kamar an rotsa tulu. Na tashi, shi bai tashi ba. Yana rigingine, hannayensa sun sanƙare a sama. Filin ya yi tsit, 'yan wasan ɓangarorin biyu suka sauka a kan gwiwa ɗaya kamar yadda aka saba in wani ya ji ciwo. Masu agajin gaggawa suka sa masa abin tallafe wuya suka ɗaure shi a kan katako. Wata mata ta tsallako shinge a guje, takalminta ɗaya ya fita ba ta waiwaya ba. Ba sai an gaya min ko wace ce ba. Maganar Inna ce ta faɗo min.

Alƙali ya kore ni daga wasan, kuma daidai ya yi. Na shiga ɗakin canza kaya ni kaɗai, na kafa baki a famfo na yi ta shan ruwa ina kuka. Azumin da na ƙi ajiyewa ta ƙofar da Allah ya buɗe min, ga yadda na karya shi.

Yaron shekararsa 19. Ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, wuyansa ya ji ciwo, amma Allah ya taimaka ya tashi da ƙafafunsa. Bai sake buga wasa ba. Na rubuta masa wasiƙa ta hannun kocinmu, ya amsa da layi biyu cewa ba ya riƙe da ni. Na rubuta wa mahaifiyarsa ma. Ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi duhu a rayuwata. Na daina zuwa atisaye, na faɗi jarrabawa biyu, barci ya ƙaurace min, in na rufe ido hannayen nan nake gani a sama. Nafilfilin nan duk na watsar. Farillan ma da ƙyar nake kawo su, ina jin kunyar tsayawa gaban Allah, kuma, Allah ya yafe min, ina jin kamar an yaudare ni. Duk abin nan da na yi, ga inda ya kai ni.

A masallacin Turkawa da muke Juma'a akwai wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, ya haura shekara 30 a Jamus, ya yi ritaya daga aikin masana'anta. Hausarsa irin ta Gana ce, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, da farko in yana magana sai in danne dariya. Baba kowa ke ce masa. Shi ya lura na rame. Wata Juma'a ya riƙe hannuna bai saki ba har gidansa, aka zubo min shinkafa da wake irin nasu da yaji, ya zauna ya zuba min ido har sai da na fara magana. Na kwashe komai na faɗa masa, tun daga bayan rumbu har bakin famfo. Shi ne mutum na farko da ya ji.

Bai yi min wa'azi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, karanto min Ɗaha, wurin da bokaye suka jefa igiyoyinsu." Na karanta har na kai "Fa'aujasa fi nafsihi khifatan Musa". Ya ɗaga hannu ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Wa ya ji tsoro?" Na ce Annabi Musa, Baba. Ya ce, "Wanda Allah ya yi magana da shi? Wanda ya riga ya ga sandarsa ta zama maciji?" Na yi shiru. Ya ce, "Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauko daga kogon Hira, me ya ce da ya shiga gida?" Na ce, ku lulluɓe ni, ku lulluɓe ni. Ya ce, "To kai wane ne da cikinka ba zai murɗa ba?"

Surar da na karanta sau ba iyaka ce, amma ban taɓa ganin kalmar a wurin ba. Har na fara jin wani sanyi a raina, sai ya ɗora da abin da ya fi zafi. Ya ce, "Tsoronka bai taɓa cutar kowa ba. Shekara nawa kana amai, wa ya ji ciwo? Ranar da ka tashi nuna ba ka da shi, ranar ka kwantar da ɗan mutane. Wannan za ka tuba a kai, ba aman ba." Ya tura min kwano ya ce in ƙarasa abincina.

Ba zan ce na warke a ranar ba. Sai da sanyi ya wuce na koma fili, a 2017, kuma a wasan farko na sake shiga bayi kamar kullum. Abin da ya canza ɗan kaɗan ne: da na fito ban yi kamar ba komai ba. Ba'amurken ya tambaye ni lafiya, na ce masa amai na yi, kuma kullum haka nake. Ya fashe da dariya, ya ce shi tun yana sakandare yake yi, shi ya sa yake zuwa fili awa guda kafin kowa. Mutumin da ke jan addu'a da murya kamar aradu! Kaka biyu muna ɓoye wa juna abu ɗaya a bayi ɗaya.

A watan Agusta na wannan shekarar wani ya faɗo min a gefen gwiwa, jijiyar ciki ta tsinke. Aka yi min aiki, na yi wata tara ina koyon taka ƙafa, a kan sanduna na ƙarasa rubutun digirina. Da likita ya ce shawararsa in haƙura da wasa, wallahi wani ɓangare na zuciyata hamdala ya yi. Na ɗauka ni da bayin ranar wasa mun rabu.

A 2018 ƙungiyar ta roƙe ni in riƙe yara 'yan ƙasa da shekara 16. Na yi kwas na samu takardar koci ta matakin C, na karɓa, ina ganin ai tsayuwa a bakin layi ba wani abu ba ne. Ashe nan ne tsoron ya fi. Ɗan wasa yana da karon farko da zai wanke masa ciki. Koci ba shi da wanda zai kara da shi, haka zai tsaya awa biyu da rabi da abinsa a ƙirji. Ga iyaye mata a bayanka, Jamusawa, Turkawa, 'yan Siriya, 'yan Foland, 'yan Gana, kowacce ta miƙo maka ɗanta da safe tana sa ran ka mayar mata da shi yadda ta kawo shi. Duk sanda na waiwaya sai in ga matar nan mai takalmi ɗaya a cikinsu.

Yarana sun san ni da naci a kan abu guda. Ɗaga kai, ɗaga kai, ɗaga kai, har suna kwaikwayon muryata in sun ɗauka na yi nisa. Duk yaron da ya sha karo na ga idonsa ya canza, a benci zai ƙarasa wasan, ko da shi ne gwaninmu. Akwai uban da ya taɓa tsayawa a kaina yana zagi saboda na cire ɗansa ana saura minti huɗu, muka kuma sha kashi da maki 3. Na bar shi ya gama. Da azumi ba na yi wa kowa fatawa, ba matsayina ba ne, nakan ce su tambayi iyayensu da malamansu. Amma dokata ita ce mai azumi ba ya shiga atisayen karo sai ya sha ruwa. Kafin wasa kuma ba na jan addu'a, don yaran addini daban-daban ne, wasu ma ba su da shi. Mukan yi shiru na minti guda, kowa ya yi abin da ya sani. Ni raka'a biyu nake yi a kusurwar ɗakin ajiye kaya, ban ƙara ko ɗaya ba tun daga gidan Baba. Na daina roƙon a cire min tsoro. Ina roƙon yaran duka, namu da na abokan karawa, su koma gida da ƙafafunsu. Nasara ma nakan roƙa, ba zan yi ƙarya ba, musamman in da maƙwabtanmu za mu kara.

Ranar 3 ga Janairun 2023 na tashi sallar asuba na tarar wayata ta cika da saƙonnin iyaye. Cikin dare, a wasan Buffalo Bills da Cincinnati Bengals a Amurka, wani ɗan wasa Damar Hamlin mai shekara 24 ya kara da wani, karo na yau da kullum, ya miƙe tsaye, sai ya yanke jiki ya faɗi. Zuciyarsa ce ta tsaya. A tsakiyar fili aka yi ta danna masa ƙirji, ƙarti na kuka, sun durƙusa suna addu'a, aka dakatar da wasan ba a ƙarasa ba. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, har ya dawo wasa daga baya. Amma a safiyar babu wanda ya san haka. Kafin azahar iyaye uku sun ce sun cire 'ya'yansu. Ni ma na zauna na rubuta takardar ajiye aiki, na miƙa wa matata ta duba min Jamusancin. Ita ma'aikaciyar jinya ce. Ta karanta ta ajiye, ba ta ce in bari ba, ba ta ce kar in bari ba. Cewa ta yi, "Abban yara, filin naku akwai na'urar farfaɗo da zuciya?" Ban sani ba. Shekara biyar ina koci, ina amai saboda yaran nan, amma ban taɓa tambaya ba. Takardar ba ta bar gida ba. Kafin a fara kaka mun tara kuɗi mun sayi na'urar, kuma duk masu horarwa mun je an koya mana danna ƙirji. Kowace ranar wasa ni nake ɗauko ta da hannuna in ajiye kusa da benci.

Kawu ya rasu a 2020, lokacin korona, ban samu zuwa jana'iza ba. Ban taɓa gaya masa abin da maganarsa ta yi min ba, kuma ba na riƙe da shi. Ina kyautata zaton shi ma haka aka faɗa masa yana yaro. Allah ya jiƙansa.

A kakar da ta wuce, wani wasan gida, ina cikin zagayena na uku sai na ji kakari daga ɗaya bayin. Na fito na tsaya a bakin famfo. Can ƙofa ta buɗe, sai ga yaron da ya fi kowa girma a ƙungiyar, ɗan Siriya mai shekara 15, idanunsa jajur. Da ya gan ni sai ya daskare. Ya ce, "Koci, don Allah kar ka faɗa wa kowa. Babana yana waje." Ban ce komai ba, na sunkuya na kurkure bakina na tofar, na sake. Ya dube ni, ya dubi ƙofar da na fito, ya sake dubana.

Ya ce, "Kai ma?"

Na ce, "Tun kafin a haife ka."

Ya yi jim, sannan ya ce yaushe yake dainawa. Na ce masa nawa dai bai daina ba tukuna. Na ciro ayaba daga aljihun rigata na raba biyu na ba shi rabi, na sa shi ya sha ruwa, na ja igiyar hularsa na ga ta yi sako-sako na ɗaure masa. Muna tsaye muna tauna ayaba muka jiyo alƙali yana kiran kyaftin-kyaftin. Na ce masa ya wuce gaba, ina zuwa, in ɗauko na'urar tukuna.